Labarin Jirgin Sulke Da Na Katse

Levenshulme, Manchester

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina kuma roƙon Allah Ya kai ka Birmingham lafiya, Ya sauke ka cikin mutanen kirki, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin abokin da ba ya tsoron Allah. Ya sa ɗakin da za ka kwana ya zame maka wurin hutu, karatun da za ka yi kuma ya zame maka alheri duniya da lahira.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. To, bangon ya yi kauri a 'yan watannin nan. Kana gaishe ni da safe, ina amsawa, shi ke nan. Ka daina zama a tebur in ina wurin. Jiya Ummanku tana ninke maka kaya ta ce da ni, ko kai ba ta ɗago ba: "Baban Husna, yaron nan fa ya ce in ya tafi ba lallai ya zo hutu ba. Wai in ina son ganinsa in hau train." Na yi kamar ina neman tabarau. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce dalilin wannan takarda. Ba na son ka fita daga gidan nan fitar da babu dawowa. Da Hausa na rubuta don da ita nake iya faɗin gaskiya. In wata kalma ta gagare ka, ka tambayi Kawunka Nasiru da ke unguwar Sparkhill a can Birmingham kalmar kawai, kada ka miƙa masa takardar, don bakinsa ba ya riƙe magana.

Ba wani ɓoyayyen abu zan tona maka ba. Duk abin da zan ambata a gabanka aka yi shi, wani ma ka fi ni tuna shi. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda nake ganinsa yanzu. Shawarar da ta yi maka ka riƙe, wadda ba ta yi ba ka bar mini kayana.

Kana firamare ka fara ɗauko littattafan jiragen ruwa daga laburaren unguwa. Yaran mutane suna ɗauko na ƙwallo da na dabbobi, kai kana jan wani ƙaton littafi mai hotunan jiragen yaƙi na ƙarni na sha tara, baƙaƙe wuluk, masu sulken ƙarfe. Ni ɗan Bichi ne, ruwan da na sani ina yaro bai wuce kududdufin bayan gari ba. Amma ƙarfe sana'ata ce. Shekara da shekaru ina bin gadojin ƙaramar hukuma ina ƙwanƙwasa su, ina neman inda tsatsa ta ci. Da na ga ɗana ya kamu da son ƙarfe, a ganina, sai na ce alhamdu lillahi, an samu magaji. Na ɗauki hutu na kwashe ku har Portsmouth don ka ga tsohon jirgin nan da aka adana.

Tun a mota na buɗe lacca, Ummanku tana gyangyaɗi, ƙanwarka Husna tana kuka. Na gaya maka yadda Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi a teku da jiragen katako, har aka ƙirƙiro harsashin igwa mai fashewa, wanda in ya shiga katako sai gobara. Na gaya maka Faransawa ne suka fara lulluɓe babban jirgin katako da farantan ƙarfe, hankalin Turawan Ingila ya tashi, suka ƙera nasu da ƙarfe tun daga gindi, ya fi wancan tsawo da gudu. Da muka shiga jirgin na kai ka inda ake ganin cikin sulken. Ƙarfen kaurin tafin hannu, a bayansa katako mai tauri kusan kamu guda. Na yi maka bayani cewa ƙarfe shi kaɗai tsagewa yake yi in ya sha duka, kusoshinsa su yi tsalle su ji wa na ciki. Katakon da ke bayansa shi ke shanye dukan. Ina cikin jin daɗin muryata sai ka ja hannun rigata, da Hausarka ta lokacin:

"Baba, su waye suke sa coal a wutar? Suna ganin outside?"

Na ce, "Wannan ba ita ce tambayar ba. Dubi kaurin ƙarfen nan."

Ka duba, don kai yaro ne mai biyayya. Daga baya Ummanku ce ta riƙe hannunka kuka sauka can ƙasa wurin tukwanen tururi, inda mutane suka riƙa zuba kwal da shebur cikin zafi da duhu. Ni ban sauka ba, na ce gwiwata. Gwiwata lafiyarta ƙalau. Da kuka hawo idanunka sun yi ja, na ɗauka gajiya ce. Ashe tun ranar ni ƙarfen nake kallo, kai mutanen da ke cikinsa, kuma na yi shekaru ban lura ba.

Abba, wata rana za ka samu ɗalibai, in Allah Ya so ka samu naka 'ya'yan. In wani ya yi maka tambayar da ba ta kan hanyarka, kada ka ce masa ba ita ce tambayar ba. Ka tsaya ka ji daga ina ta fito. Mai yawan sani yana da wata cuta, gani yake abin da bai dame shi ba bai kamata ya dami kowa ba. Na yi cutar nan, har yau ban gama warkewa ba, Ummanku shaida ce.

Sai maganar jirgin makaranta. Malamarku ta ce kowa ya ƙera wani abu daga tarihi. Ka samo kwali da gam da baƙin fenti, ka baje a ƙasan falo kana haɗa jirginka. Gaskiya ya karkace. Ka kuma yanka 'yan mutane na takarda ka jera su a ciki, har da masu shebur. Na tsaya a kanka na ce, "Kawo in gyara maka gefen nan kawai." Gefen nan kawai ya cinye mini makonni a rumfar bayan gida. Na sassaƙa sabon jiki da katako, na yanka gwangwanayen madara na yi farantan sulke, na kafa su da ƙananan allurai a jere kamar kusoshin gaske. 'Yan mutanenka ba su samu wuri ba, don na rufe saman jirgin. Ban san inda suka shiga ba, ina jin shara.

Ka kai shi makaranta da hannu biyu. Da ka dawo na tare ka a ƙofa, "Yaya? Me ta ce?"

Ka ce, "Ta ce in gaya wa dad ɗina ya yi ƙoƙari."

Na yi dariya har da riƙe ciki, kai ba ka yi ba. Ranar Asabar ka roƙe ni mu kai shi tafkin filin shaƙatawa mu ga ko zai tafi a ruwa, na ce a'a, zai yi tsatsa. Na ɗora shi saman kabad inda hannunka ba ya kaiwa. Ka ce a hankali, "It's your ship anyway, Baba," ka shige ɗaki. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Don haka in ka ga aikin wani a karkace, ka tambaye shi ko yana son hannu kafin ka miƙa naka. In ya ce a'a, ka sa hannunka a aljihu ko da yana yi maka ƙaiƙayi. Kai ma kada ka bari wani malami ko wani babba ya karɓe bincikenka da sunan gyara. Ka ji shawara, ka yi godiya, amma aikin ya fito naka. Da na bar maka jirgin kwalinka, da ya jiƙe ya nutse a tafkin nan a gaban idonmu, da mun dawo gida muna dariya tare.

Daga nan shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Kai ka gan su da idon saurayi, ni na gan su da idon mai iyali. Aka rage ranakun buɗe laburarenku, kuɗin jami'a ya yi tashin da ba mu taɓa zato ba. Mu a ofis aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka zo kaina, wata mata mai ladabi ta ce mini ba aikina ne ya gaza ba, kasafi ne. Na fito na tsaya a kan wata gada da ni na duba lafiyarta, ina kallon motoci. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko ranar da na sauka ƙasar nan da akwati ɗaya.

Ina cikin wannan tsoron lokacin neman jami'arka ya zo. Ka ce, "Baba, history nake so in yi." Na ce, "History za ka ci?" Na zauna kusa da kai a gaban kwamfuta, na nuna da yatsa, ka danna injiniya. Dubi rashin tunani: mutumin da aikin injiniya bai hana a sallame shi ba, shi ne yake rantsuwa cewa injiniya ne kaɗai ba a sallama. Hujjata ɗaya ce, ɗan Dakta Lawal, abokina na Old Trafford, ya yi injiniya ya samu aiki a kamfanin mai. Yaro ɗaya ya dace, mu iyaye muka mai da shi doka.

Kai ka taɓa ba ni labarin irin wannan, lokacin da kake ba ni labari. Ka ce an yi wani yaƙi a teku inda jirgin sulke ya tunkuyi wani da goshinsa ya nutsar da shi. Daga wannan nasarar sai manyan ƙasashe suka kama ƙera jiragensu da ƙahon ƙarfe a gaba kamar raguna. Shekaru masu yawa ana ɗauke da ƙahon nan, a ƙarshe jiragen Ingila 'yan'uwansu na gida suka tunkuya da shi suka nutsar, ɗaya cikin hazo, ɗaya wajen atisaye, ba yaƙi ba komai. Na yi dariyar wautar manyan hafsoshi, ban san ina ƙera nawa ƙahon ba. Shekara guda ka yi a injiniya. Ka rame, barci ya ƙaurace maka, Ummanku ta ja ka wurin likita ba ta gaya mini ba sai daga baya. Ina ganin wuyan rigarka yana yi maka yawa, ina ce wa kaina karatu ne, kowa haka ya sha. Da ka koma tarihi ba ka nemi izinina ba, na yi fushi mai tsawo. Yau ina gode wa Allah da ba ka nema ba, don da ka nema da na hana.

Kada ka yanke babbar shawara ranar da kake jin tsoro, musamman wadda wani ne zai ɗauki nauyinta. Ka yi alwala, ka yi istihara, ka bari kwanaki su wuce. Kuma kada ka yarda da wanda ya ce maka ga sana'ar da ba ta mutuwa. Jirgin da muka gani a Portsmouth, ranar da aka sa shi a ruwa babu kamarsa a duniya. Kafin yaron da aka haifa ranar ya yi gemu an yi igwar da ke huda shi. Sulke ya ƙara kauri, igwa ta ƙara girma, haka aka yi ta yi. Shi kuwa bai taɓa harbi a yaƙi ba, ya daɗe a matsayin wurin da jiragen mai ke ɗaurewa kafin a tuna da shi. Ni yanzu aikin kwangila nake yi nan da can, muna ci muna sha. Abin da na ji tsoro ya zo, bai kashe mu ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gidan Dakta Lawal, ranar sunan jikarsa. Ka san zaman: falo cike da likitoci da akantoci da injiniyoyi, kowa da babbar riga a kan rigar sanyi, ana ta jera 'ya'ya kamar kayan kasuwa. Kai kana zagayawa da tiren lemo, kana shekara ta biyu a tarihi. Wani baƙo ya juyo ya ce, "Injiniya, naka fa, me yake yi a uni?"

Na ce, "Harkar jiragen ruwa ce. Naval, ka gane, ɓangaren ƙarfe."

Ya ce, "Masha Allah, naval engineering! Ɗan gado ke nan."

Ban gyara masa ba, zaman hulata na gyara. Kana tsaye a bayansa, idonmu ya haɗu. Ka miƙa masa lemonsa da hannu biyu ka wuce. A mota Ummanku ta ce, "Baban Husna, yau ka ba ni kunya," ni kuwa na ce ai ban yi ƙarya ba, jiragen ruwa yake karantawa. Ƙarya na yi. Na ji kunyar karatun ɗana a gaban mutanen da ko sunanka na yanka ba su sani ba.

Makon jiya na koma gidan, kusan mutanen nan ne dai a zaune. Na jira aka sa abinci, na yi gyaran murya na ce, "Jama'a, akwai gyara. Ɗana tarihi ya karanta, ba injiniya ba. Yanzu ma Birmingham za shi ya yi master's a kan jiragen yaƙi na da." Dakta Lawal ya ce, "History? To Allah Ya sa albarka. Miƙo mini yajin nan." Wani ya ce 'yarsa ma ta bar karatun lauya ta koma ɗinki, daga nan aka koma maganar tsadar gidaje. Shi ke nan fa. Abin da na sayar da kai dominsa bai kai tsawon miƙa yaji ba. Na zauna da shinkafa a gabana na kasa ci.

Kada ka rage wa naka daraja don ka ƙara tsawo a falon wani. Mutanen falon za su manta kafin su sa takalmi, naka kuwa da shi za ka koma gida. In an tambaye ka me kake karantawa, a masallaci ne ko a gidan Kawunka, ka faɗa da cikakken baki. In an ce me za ka yi da shi, ka ce Allah ne masani, don ni ma amsar da na samu ke nan.

Akwai kuma abin da ba zan kira shi kuskure kai tsaye ba, don gado na yi. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. A gidanmu uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ko sunansa ba ya kamawa. Ni ma ɗan fari ne, mahaifina bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba. Amma a Bichi kowa ya san fassarar wannan shirun; kakata da baffannina da maƙwabta su suke faɗa mini abin da shi ba zai faɗa ba. Na ɗauko shirun na kawo Levenshulme, na baro masu fassarar a can. Ranar da ka karɓi digirinka na ce maka, "To, madalla," na tafi neman inda na ajiye mota. A cikin motar na zauna na yi hawaye, kai kuwa abin da ka gani bayana ne. To ga shi a rubuce tunda baki ya ƙi: ina alfahari da kai, na daɗe ina yi.

Sauran na yau da kullum ka san su, amma uba ba ya iya shiru. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko da darasi ya matse. Kada ka mai da gidajen abincin Stratford Road kicin ɗinka, ka koyi dafa ko da shinkafa da wake ne. Ɗakin da ka kama na ga hotonsa, akwai danshi a kusurwar taga, ka matsa wa mai gidan tun kafin sanyi ya shigo. Ka kira Ummanku ba sai ta kira ka ba. Husna za ta yi kamar tafiyarka ba ta dame ta ba, ƙarya take, halina ta ɗauko.

Saura ɗaya, kuma shi ya kawo mu inda muke. Ranar da aka ba ka gurbin karatun nan ka sauko cin abinci fuskarka a sake, rabon da in gan ka haka har na manta. Ummanku ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ka ce bincikenka a kan jirgi ɗaya zai tsaya, ka fara ba mu labarinsa, kana yi kana haɗawa da Turanci.

Ka ce wani hafsan ruwa ne mai basira ya fito da ɗakin igwa mai juyawa, yadda jirgi zai yi harbi ba sai ya juya jikinsa ba. Ya dage sai an ƙera jirgi yadda shi yake so: gefensa ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, ga ɗakunan igwa masu nauyi, ga kuma dogayen sanduna a sama masu ɗauke da yadin da iska ke turawa, don lokacin ba a gama sakankancewa da injin tururi shi kaɗai ba. Masu ƙera jiragen gwamnati suka ce wannan haɗin da haɗari. Shi kuwa yana da 'yan jarida da 'yan majalisa a bayansa, aka yi ta ja-in-ja har aka ba shi yadda yake so. Da aka gama, jirgin ya fito da nauyin da ya wuce lissafi, ya zauna cikin ruwa fiye da yadda aka tsara. Ka ce babban mai riƙe da ma'aikatar jiragen yaƙi yana cikin waɗanda suka tsaya wa jirgin, kuma don ya nuna wa duniya ya yarda da shi, sai ya sa aka mai da ɗansa, saurayi mai koyon aikin ruwa, cikinsa. Ba a daɗe ba iska mai ƙarfi ta same su a teku, jirgin ya kwanta gefe ɗaya ya kasa tashi, ya kife. Ɗaruruwan mutane suka tafi. Masu zuba kwal suna can ƙasa, hafsan da ya dage yana ciki, yaron ma yana ciki.

Ka ce, "So da labarin ya isa wurin uban, abin da ya yi shi ne..."

Ni kuwa na ce, "To, wannan labarin zai biya maka rent a Birmingham?"

Wallahi ban san me ya sa na faɗa ba. Ko kuwa na sani: labarin ya matso kusa da ni, na ji zafinsa, na kai masa duka kafin ya iso. Ka cire hannunka daga kwano. Ka ce, "Na ƙoshi, Umma, an gode," ka hau sama. Husna ta yi mini irin kallon da bai kamata 'ya ta yi wa ubanta ba, kuma na kasa tsawata mata.

Tun ranar uban yaron nan yake bina. Ina kan gada ina aiki sai in tuna shi. Ni ma na yarda da wani jirgi, na sa ɗana a ciki don mutane su ga ina da gaskiya, na ga yana karkata na ce haka ake yi. Bambancina da shi ɗaya ne, kuma ba dabarata ba ce: nawa ya yi tsalle ya fito da ransa. Ina so in san me uban nan ya yi. Ya amsa laifinsa ne, ko ya nemi wanda zai ɗora wa? Ya ci gaba da zuwa ofis? Ya iya haɗa ido da uwar yaron? Husna ta ce, "Baba, just look it up mana, ga waya a hannunka." Na ce a'a. Ta ce bari ta duba mini, na ce in ta duba ta riƙe abinta.

Ba zan duba ba, Abba, ba kuma zan tambayi kowa ba. A bakinka aka fara labarin nan, ni na katse shi, a bakinka nake so a ƙarasa. Shawarata ta ƙarshe ke nan, ita ce mafi sauƙi kuma ita na kasa: in naka yana magana cikin farin ciki, ka bar shi ya kai aya.

Ba na cewa ka yafe mini yau, ba zan kuma jawo ka da igiyar biyayya ba. Na san in na ce dole ka zo za ka zo, ka durƙusa ka gaishe ni, ka koma, kuma ba wannan zuwan nake nema ba. Ka je ka yi karatunka da izinina da albarkata, cikakku, babu ragi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga ciwo da kaɗaici, Ya buɗe maka ƙirji, Ya haɗa ka da malaman da suka fi ubanka haƙurin sauraro. Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya.

In ka ga dama, ko hutun farko ko wanda ya biyo baya, ka hau jirgin ƙasa ka zo. Ummanku za ta tuƙa tuwo. Ka ɗauko daga inda labarin ya isa wurin uban. Zan jira, komai daɗewa, kuma wannan karon ba zan ce uffan ba sai ka gama.

Mahaifinka.